Saje Laima da Ninkin Bahago

Duk wanda ya san Saje Haru ya san ba a miƙa masa abu a ninke. Ka ba shi a warware, ku rabu lafiya. In kuwa ka kuskura ka ninke, to zai karɓa, ya juya shi gaba da baya, ya ɗan karkata kai kamar mai sauraron wani abu a ciki, sannan ya miƙo maka ya ce, “Warware a sake.” Ba faɗa, ba ɗaga murya. Dardumar masallaci, tabarmar zaure, mayafin matarsa Mairo, babu wanda ya tsira. Ko wasiƙa aka kawo masa, in ya gama karantawa sai ya gyara mata ninki, yana tsaki a kan wanda ya aiko ta. Ku da kuka zauna da shi a Kankiya ba sai na rantse muku ba.

Ni na fi kowa shan wannan magana, kuma dalili biyu ne. Na farko, taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina ce, don haka tun muna yara kowannenmu ke cewa ɗayan bawansa ne. Na biyu, ninki sana'ata ce. Ni ne Lawal mai yadi, rumfata tana kasuwar Kankiya tun kafin Turawa su tattara nasu su tafi. Atamfa, shadda, alawayyo, wuni nake ina aunawa ina ninkewa. Sai dai ni bahago ne, kuma ninkin bahago yana da alama: bakin yadin yakan koma hagu, wani ɗan kunne ya leƙo a kusurwa. Masu saye ba su taɓa damuwa ba. Saje kaɗai ya ɗauki abin da zafi.

Abin da na nema a wurinsa ba wani babba ba ne. Sau ɗaya tak in ninke abu, ya karɓa ya ajiye. Na fi shekara ashirin ina nema.

Da fari tela ne shi, a bakin tasha. Bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru aka ce ana ɗaukar sojan sama, ya rufe keken ɗinkinsa da buhu ya tafi Kaduna. Da suka ji ya iya allura da zare, sai suka tura shi sashen laima, wato irin wadda matuƙin jirgi ke goyawa a baya, in jirgi ya ƙi a sama ya faɗo da ita, ya ja igiya ta buɗe ta sauko da shi a hankali. Mu a lokacin ba mu san da wannan ba. Mu dai mun ji an ce sojan sama, muka ɗauka duk jirgin da ya ratsa ta kan Kankiya Haru ne a ciki. Gwaggo har ɗaga hannu take yi.

Ranar da ya zo hutunsa na farko, da kaki da takalmi mai sheƙi, zauren gidansu ya cika har waje. Gwaggo ta leƙo daga soro ta ce, “To Haru, wanne ne naka cikin jiragen? Babban ko ƙaramin?”

“Inna, ni ba ni tuƙi.”

“To mi kake yi?”

“Laima nike linkewa.”

Gwaggo ta ƙara leƙowa.

“Laima? Ta ruwa?”

“Ta sauka.”

“Ka baro keken ɗinkinka, ka tahi har Kaduna, an aske maka kai ƙwal, don ka linke laima? Mu nan wa ke linke muna tamu?”

Ya yi bayani sau ɗaya, a taƙaice, ba wanda ya gane, shi kuma bai ƙara ba. Saje ba ya maimaita magana. Ninki kaɗai yake maimaitawa.

Washegari da hantsi sai ga laima huɗu a ƙofar gida, wata ba ƙashi biyu, wata ta yage, wata ta ƙi buɗewa tun zuwan wani Baturen gona. Na zauna a kan dakali ina jiran in ga soja ya fusata. Ina! Ya shiga ciki ya ɗauko filaya da zare, ya shimfiɗa tabarma, ya gyara su tas. Kowacce sai ya sa mai ita ya buɗe ya rufe sau uku a gabansa kafin ya sallame shi. Tun daga ranar sunan ya bi shi. Lokacin ko igiya ɗaya bai samu ba, amma da ya zama saje daga baya sai sunayen biyu suka haɗu, ya zama Saje Laima har a bakin Hakimi.

A hutun wata damina kuma, muna zaune a rumfata, sai ga wani dattijo daga Fakuwa a kan jaki. Ya yi sallama ya ce, “Wane ne Haru na Dije, wanda gwamnati ta koya ma aikin laima?”

“Ni ne, Baba.”

“Madalla. Ɗakina ne, ɗana. Tun faɗuwar ruwa laima ta kama shi. Bango na jiƙe, tabarma har tsiro take.”

Wallahi sai da na tura bakin rigata a baki. Na ce yau dai zai ce wa mutum ba irin wannan laimar ba. Sai kawai ya tambayi dattijon ta wace kusurwa ruwan ya fi yawa, ya ari kekena ba tare da ya tambaye ni ba, ya bi jaki a baya har Fakuwa. Ashe indararo ne ya gajarta, yana zuba a gindin bango. Ya ƙara masa tsawo, ya haƙa 'yar hanyar ruwa zuwa bayan gida, kuma kafin ya fito sai da ya warware tabarmin gidan duka ya sake naɗe su. Ranar kasuwa ta gaba dattijon ya dawo da zabuwa a hammata. Ya dube ni, don ya lura da dariyar da na yi, ya ce, “Kai mai yadi, yi ta dariyarka. Yaron nan ya san laima ciki da waje.”

Sau ɗaya na ga aikin nasa da idona. Na je Kaduna sarin atamfa, na ce bari in biya ta bariki in ga inda bawana yake ɓata lokacin gwamnati. Bai bar ni na shiga ba. Ta taga ya ce in leƙa, ita ma sai da ya sa na tofar da goron bakina. Ɗaki ne dogo, da tebur wanda ya fi sahun masallacin unguwarmu tsawo. Ba mai zobe, ba mai agogo, ba mai taba, ba mai hira. An shimfiɗa wani farin ƙyalle mai santsi, igiyoyi sirara sun miƙe daga jikinsa har ƙarshen tebur. Saje yana bin su ɗaya bayan ɗaya da yatsa, bakinsa na motsi. Ya ninke gefe, ya danne da wata 'yar jakar yashi, ya koma ɗaya gefen. Na gaji da tsayuwa, na je na sha ruwa na dawo, yana kan guda ɗayan nan. Da ya gama ya cusa ta a jaka, ya rubuta sunansa a wani ɗan kati ya soka a aljihunta.

Da ya fito na ce, “Yanzu duk wahalar nan, su masu sauka in sun karɓa sai su warware su duba ko?”

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ana cin tuwo da kunne.

“Ba su dubawa. Mutum shi karɓa, shi goya, shi tahi abinshi.”

“In ka yi kuskure fa?”

“Sai a sama zai sani. Wanda ya yarda da hannunka ba shi warwarewa, Lawal. Karɓa kawai yake.”

Na ce, “To ni fa? Kenan ba ka yarda da nawa hannun ba.”

“Wane daga ciki? Na hagun?”

Wannan magana ta tsaya mini a rai fiye da yadda na nuna. Na dawo Kankiya na shiga gyaran hannu. Na gwada ninki da dama, yadi ya fito kamar an kwana a kansa. Na sayi dutsen guga na gawayi. Na koyi danne kunnen nan da babban yatsa, amma da na ɗaga yadin sai ya leƙo. Daga ƙarshe na ce tunda gaskiya ta ƙi, bari in gwada wayo.

Wata ranar hutunsa ya zo rumfa kamar kullum, ya warware mini turamen atamfa uku a gaban masu ciniki, ya sake su. Da ya tafi na ɗauki ɗaya daga cikin nasa na ɓoye ƙarƙashin tebur, ko ƙuda ban bari ya sauka a kai ba. Washegari na tara shaidu, har da Sarkin Kasuwa. Yana zuwa na miƙa masa.

“Saje, duba mani wanga. Jiya na ɓata lokaci a kanshi.”

Ya juya gaba, ya juya baya, ya karkata kai.

“Warware a sake.”

Na yi tsalle na dire. “Allahu akbar! Jama'a ku shaida! Linkinka ne, kai ka yi shi jiya da hannunka!”

“Na sani,” in ji shi. “Amma ya kwana a wurinka.”

Sarkin Kasuwa bai daina ba da labarin nan ba har ya rasu.

Sai shekarar da ƙyanda ta yi ɓarna a ƙauyuka, bayan an gama yaƙin basasa. Lokacin Kusada tana ƙarƙashin Kankiya. Sojan sama suka turo wa Kusada mota biyu da likita da malaman asibiti, su yi kwana uku suna yi wa yara allura da duba marasa lafiya kyauta. Suka haɗo da Saje, tunda ɗan ƙasa ne. Shugaban tafiyar wani matashin hafsa ne ɗan kudu, matuƙin jirgi, mai Hausar bariki. Ni kuma Saje ya aiko mini in kai yadin da za a yi labule tsakanin maza da mata. Na kai a ninke. Kun san abin da aka ce mini.

Sojoji suka kafa babbar laimar zama a gefen kasuwa, ita ma laima ce, ga ta huɗu ke nan. Sun gama suna share gumi, Saje ya zagaya, ya ja wannan igiya, ya taka wancan turke, ya dubi gabas, ya ce, “Warware a sake.” Suka sake. Ya kuma zagayawa ya ce a sake. Likita ya fito yana duba agogo, yana cewa ƙanƙarar da ke riƙe da maganin tana narkewa. Na matsa kusa da hafsan, don in ga yadda ake tsawata wa saje.

Na ce, “Ranka shi daɗe, kai ne babba a nan. Ba ka ce mashi komi?”

Ya yi dariya ya ce, “Baba, ni babba ne a takarda. Wata rana jirgina ya mutu a sama. Na fita, na ja igiya, laima ya buɗe. Na sauka cikin gonan dawa. Na duba kati, na ga sunan wannan mutum. Shi ya ce warware, ni na warware.” Ya cire hularsa ya je ya kama igiya tare da yaransa.

Aka gama kafi na uku, aka jera kujeru, sai aka ga ba kowa. Kasuwa ta watse. Ashe labari ya zagaya cewa soja sun zo kamun samari. Maza sun shige gona, mata sun kulle ƙofa da yara a ciki. Dagaci ya yi magana, liman ya yi, ba wanda ya leƙo. Rana tana yi, ƙanƙara tana zama ruwa.

Saje ya buɗe jakarsa ya fito da filaya da zare, ya shimfiɗa tabarma a bakin laimar, ya kira mai shela ya raɗa masa magana. Jim kaɗan muka ji murya tana ratsa lunguna:

“Ana gaishe ku! Saje Laima na Kankiya ya zo, yana bakin kasuwa! Mai laimar da ta karye shi kawo, kyauta ne! Amma laima ba ta zuwa ita kaɗai, sai da yaro!”

Lokacin kaya sun fara yawa a gari, kowace amarya sai da laima a cikin kayanta, kuma ba ta wuce damina ɗaya ba ta karye ba. Wata tsohuwa ce ta fara fitowa, da laima a hannu ɗaya da jika a ɗayan. Ta ce, “Haru na Dije ne? Ai shi ba soja ba ne, mai gyara ne.” Ta miƙa masa laima, ta miƙa wa likita jika. Kafin azahar layi ya kai masallaci. Wata da ba ta da ƙaramin yaro har aron na maƙwabta ta yi. A rana ta biyu ba wanda ya ƙara zuwa da laima, yaran kawai ake kawowa, mazan ma suka fito daga dawa suna cewa dama shuka suka je dubawa.

Iska kuwa, wadda saboda ita aka kafa laima sau uku, ko ganye ba ta kaɗa ba a kwana ukun nan. Ranar da ake naɗe kaya na ce, “To Saje, ina iskar taka?”

Ya ce, “Ta ji labari.”

Ya yi ritaya zamanin da kuɗin mai ya cika gari da babura da rediyo. Ya dawo Kankiya, ya cire buhu daga kan kekensa, ya ci gaba da ɗinki kamar jiya ya tashi. Bai taɓa shiga jirgi ba, ko sau ɗaya. In an tambaye shi sai ya ce shi aikinsa saukowa ne, hawa na wasu ne. Daga baya ciwon ƙirji ya fara taɓa shi, yana tashi yana kwanciya.

Wata rana da la'asar ya aiko a kira ni. Na same shi a zaure, ya jingina da bango, ya rame.

“Lawal, alawayyo nike so. Mai kyau, ba irin wanda kake ba mutanen ƙauye ba.”

“Na mi? Riga za ka ɗinka?”

“Ka san na mi.”

Na sani. Na ce masa ya daina zancen banza, bawa ba ya mutuwa sai ubangidansa ya ba shi izini. Ya ce shi ya sa yake gaya mini, don in shirya neman wani ubangidan. Muka yi dariya, amma na tafi na yanko. Na kawo masa a warware, a kafaɗa, kamar yadda na saba.

Ya ce, “Linke.”

“Hannunka lafiya lau yake.”

“Na ce linke.”

Na durƙusa a kan tabarma na ninke. Ban yi wata dabara ba, don idona ba ya gani sosai a lokacin. Bakin ya koma hagu, kunnen ya leƙo abinsa. Na miƙa masa ina jira. Ya juya gaba, ya juya baya, ya karkata kai. Sai ya ƙwala wa Mairo kira ta kawo akwatinsa na ƙarfe na soja, ya sa a ciki ya rufe. Ya ce, “Yaya kasuwa?”

Na fita ina cewa a raina, tsohon banza, jira yake in ba da baya. Ban taɓa shakka ba. Ya ƙara fiye da shekara a duniya bayan nan, kuma hannunsa bai taɓa gazawa ba. Ana saura mako guda ya rasu na gan shi ya tsare ladan a ƙofar masallaci a kan naɗin tabarma.

Ya cika da hantsi, ranar wata Talata. Da aka zo shirya shi, Mairo ta turo akwatin zaure, ta tsaya a bayan ƙofa. Ni na buɗe. Kakinsa ne a sama, a ninke kamar an yanka da wuƙa. Sai hularsa, sai filayar nan. A ƙasa ga alawayyo. Bakin ya koma hagu. Kunnen yana nan a kusurwa, ya ɗan yi ja saboda tsatsar akwati.

Na ce, “Mairo, bai taɓa shi ba?”

Ta ce, “Yakan buɗe shi duba. Shi ɗora hannu a kai, shi rufe. Na ce mashi, Malam, wanga ba ka sake shi? Ya ce mai sauka ba shi duba laima.”

Na daɗe a durƙushe. Liman ya yi gyaran murya sau biyu kafin na ɗaga yadin. Na kama bakin da hannun hagu na ja, ya buɗe gaba ɗaya, bai sarƙe ko'ina ba. Na so ƙwarai in juya in ce masa ka gani ko, amma ba wanda zan ce wa. Nan na yi kukan da ban yi ba da aka gaya mini rasuwar.

Har yau in na ninke yadi a rumfa, kunnen nan yana leƙowa, kuma na daina danne shi.

Allah ya jiƙan Haru ɗan Gwaggo Dije, ya gafarta masa, ya yalwata masa makwanci. Ya Ubangiji, bayinka da yawa sun sauko lafiya ta hannunsa ba su ko san fuskarsa ba. Shi ma Ka sauke shi a hankali. Amin.